Irin Kuɓewar Kawu Ilu

Ku da kuka san Kawu Ilu na garin Guna, kun san bai taɓa shiga garkar mutum bai ɗebi ƙasa ya jefa a baki ba. Sai ya tauna, ya tofar, sannan ya yi sallama. "Ƙasar nan yunwa take ji," haka zai ce, mai garka yana tsaye.

Ranar sunan ɗana na fari a Birni, aka neme shi wajen addu'a aka rasa. Can na same shi a turken awaki, da babbar rigarsa, yana tara kashinsu a buhu.

"Haba Kawu! Ga surukaina fa!"

"Surukanka ne za su ciyar mini da albasa? Wannan ma sai ya yi wata uku a rami ya ruɓe. Ɗanye ƙona saiwa yake."

Da buhun ya shiga mota, mutane na toshe hanci.

Wata rana wani malamin gona ya zo, ya ga Kawu ya lulluɓe fangalin shukarsa da busasshiyar ciyawa. Ya ce, "Tsoho, garkarka ta yi datti."

"Kai me ya sa ka sa hula?"

"Saboda rana."

"To, ita ma."

Amma abin da ya riƙa damuna irin kuɓewar nan ne, gajeriya mai yauƙi, wanda ya gada wajen kakarmu. A gora yake ajiye shi cikin toka, don ƙwari. Ba ya sayarwa, mu ma ba ya ba mu. Sau nawa na roƙa!

"Kawu, girma ya zo. In ta Allah ta kasance, irin nan ya ɓata ke nan."

"Kai mushen lakwal ne, malamin boko, alli ka iya. 'Ya'yan fari ake bari su bushe a jikin uwa don iri. Kai kuwa miya za ka yi da su."

Gaskiya ya faɗa, na taɓa yi masa haka. Amma wallahi na ji haushi, har na shekara ban taka Guna ba.

Da ya rasu muka buɗe gorar. Toka zalla, ko ƙwaya ɗaya babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma ba don kuɓewa kaɗai ba.

Ran sadakar uku sai ga wata tsohuwa daga Dakusa. Ta kwance bakin zanenta, ta zuba mini iri a tafin hannu.

"Kai ne mushen? Marigayi ya daɗe yana kawo mana, mu huɗu, kowacce da garinta, wai kada fari ko tsutsa su cinye shi a wuri guda. Ya ce in ya riga ka tafiya a ba ka. Wai yanzu ka fara hankali."

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma Ya yafe mini shekarar nan da na ƙi zuwa gaishe shi.