Baƙin Gwaggo Sa'adiya

Duk mai bi ta tashar Kontagora ya san Sa'adiya mai masa, mace mai baki kamar reza, ba a taka ta ta ƙyale. Amma akwai magana ɗaya da in an tuna mata, sai ta sunkuyar da kai.

Da ƙanenta ya rasu a Salka, shekara guda bayan matarsa, dangi kowa ya yi gum. Ita ta kwaso yaran biyu, Jawahir 'yar shekara takwas da Mahmudu da bai daɗe da yaye ba. To, a sa su ina? Ɗaki ɗaya take haya a gidan Alhaji Maikasuwa, ita da 'ya'yanta biyu, kuma sharaɗinsa kada a wuce mutum uku a ɗaki, don rijiya ɗaya ce, bayi ɗaya. Ciki da falo kuwa, ina cinikin masa ina shi?

Da Alhaji ya tambaya, a gaban yaran ta ce baƙi ne, hutu suka zo. Hutu fa ya ƙi ƙarewa, har wata biyar.

Sai ta lura kullum Jawahir tana rage tuwo, ga ta sai ramewa take. Ta yi faɗa, ta sayo maganin tsutsar ciki, shiru. Ran nan ta tsare ta, ta ce sai ta cinye.

Yarinyar ta ce a hankali, "Gwaggo, Innarmu ta ce baƙo ba ya suɗe kwano, kada a gaji da shi."

Sa'adiya ta waiga lungu, ga kayan yarinyar a ƙulle cikin ɗankwali. Ashe duk ta yi wanki sai ta sake ƙullewa, tana jiran ranar tafiya. Kunya ta rufe ta, kamar ta nutse cikin ƙasa. 'Yar ƙanenta, jininta, ita da bakinta ta mayar da ita baƙuwa!

Ta ja hannunta har zauren Alhaji, ta durƙusa ta ce ƙarya ta yi, marayu ne, kuma nata ne. Alhaji ya yi wa mamatan addu'a, sannan ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta nemi wani wuri.

Ta dawo ba ta san inda za su dosa ba. Ta kwance ƙullin, ta zuba kayan cikin akwatin 'ya'yanta, ta tura wa Jawahir kwanon.

"Cinye, ki suɗe."