San da Ba Ya Jin Hausa

Shekarar da gero ya ƙi, na sayar da awakin matata duka, na sayi sa a kasuwar Dogo. Niyyata in ɗaura masa amalanke in riƙa kai bidon ruwa, wato jarkoki, cikin Damagaram. Ba ni da wata dabara. In bai ja ba, ba a ɗora tukunya.

Bai ja ba. Da igiya yana bina, amma da an ɗaura amalanke sai ya kafe. Na ce hai, na ce kai, na yi tsaki, na daki ƙasa da sanda. Yana tuƙa yana kallona.

Matata ta ce, "Maigida, awakina dai suna jin Hausa."

Ran kasuwa na koma, na iske tsohon da ya sayar mini. Ya yi dariya har da hawaye.

"Yaro, haƙoransa ka duba, ba ka tambayi abin da ake ce masa ba. Tirrr-gallo-hee!"

"Barbarci ne, Baba?"

"A'a."

"Fillanci?"

"Ba komai ba ne. Yana ɗan maraƙi ya faɗo daga bakina, shi ke nan."

Ban iya rubutu ba a lokacin, sai na riƙo abin a baki har gida. Wani ya yi mini sallama a hanya, na amsa masa da gallo-hee. Ya sauka gefe ya ba ni wuri.

Da na isa gida na tsaya gaban san nawa, na faɗa masa yadda nake faɗin kowace magana, a dunƙule. Ko kunne bai kaɗa ba.

Matata ta ce, "Haka tsohon ya faɗa, kamar mai korar kare?"

Ba haka ba ne. Tsohon rerawa ya yi, ƙarshen ya tashi sama siriri kamar guɗa. Ni kuwa ko ran aurena ban yi waƙa ba. Maƙwabta sun leƙo ta kan danga. Na rufe ido na rera.

Amalanke ya yi ƙara. Na buɗe ido, sa har ya kai ƙofa, ina binsa da gudu, mata suna ta shewa.

Ran nan sawu uku muka yi. Na dawo da tiyar gero da ɗan nama a takarda.