Randar Inna Ma'u ba ta yoyo

Duk wanda ya sha ruwa a Wurno ya ji sanyi ya ratsa haƙoransa, da wuya in ba daga randar Inna Ma'u aka ɗebo ba. A Rabah aka haife ta, gidan magina tukwane, aure ya kawo ta nan. Shekara arba'in ke nan tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi. 'Yar gajeruwa ce, amma in ta yi dariya har makwabta na uku sai sun ji. Da ɗan yatsa take ƙwanƙwasa randa ta gaya maka ko ta gasu.

Ɗan ƙanwarta, Halliru, malami ne a wata babbar makaranta a Sakkwato, yana koya wa masu karatun injiniya yadda zafi ke fita daga abu ya shiga wani. Wata bazara sai ga shi da mota cike da ɗalibai. Ya ba su kwana uku su duba randa, su auna, su fito da dabarar ƙara mata sanyi.

Wani dogo a cikinsu, Mansur, ya shafa jikin randa, hannunsa ya jiƙe. A gaban matan unguwa da suka zo kallo ya ɗaga murya: "Malam, ai randag ga yoyo takai!"

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Mata biyu da suka sa a gina wa ɗiyansu randunan aure suka aiko a dakata tukuna.

"Halliru, mi yaron ga yac ce? Ni Ma'u, randata ka yoyo?"

"Inna, yi haƙuri, bar su su yi abinsu," in ji shi, yana danne dariya.

Suka yi kuwa. Suka ɗauki randa guda suka mulke ta da shuɗin fenti har sau biyu, suka naɗe ta da leda. Ta bushe ƙarau, sai ƙyalli. Inna Ma'u tana gefe tana jan carbi, zuciya na tafasa.

Ran na uku aka cika randarsu da ta Inna tun da hantsi, ruwan rijiya guda. Da azahar gida ya cika da mata. Mansur ya zaro ma'aunin zafi, sai Inna Ma'u ta miƙa masa moɗa.

"Aje tsinken ga, ɗana. Sha naku."

Ya kurɓa, ya yamutse fuska.

"Mi kaj ji?"

Wata tsohuwa ta karɓa ta ɗanɗana, ta ce, "Wanga ai ruwan wankan jego na!" Gida ya kece da shewa. Da Mansur ya sha na Inna, moɗa biyu ya shanye bai numfasa ba.

Halliru ya bayyana musu cewa iska ce ke kwashe danshin da ke tsattsafowa a jikin randa, ta tafi da zafin ruwan. Inna ta tare shi: "Kai da dogon Turanci! Ko mutum in bai yi zuhwa ba cikin bazara, ai sai asibiti."

Mansur ya durƙusa neman gafara. Ta ce ta yafe, amma maganar da ta je kasuwa sai a bi ta can. Ta sa aka ɗora masa randa a ka. Ya kama hanya, ruwa na bin wuyansa, abokansa na biye suna riƙe ciki, shi ko yana shela: "Jama'a, zuhwa ta, ba yoyo ba!"