Tukunya Biyu a Tsibirin Baƙin Dutse

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, in na gama ku karɓi abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na taka wurin, da hannuna na tuƙa tuwon.

Shekarar da ƙasar Sin ta tara duniya wasan guje-guje da tsalle-tsalle, a shekarar autata ta haihu a Guangzhou. Mijinta ɗan Kano ne, sana'arsa loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena zuwa gida. Tun cikin ya tsufa shi ya aiko aka yi mini takardu na tafi wankan jego. Ban ɗauki zannuwa da yawa ba, amma na ɗauki abin da mai jego ba ta yi sai da shi: kanwa, yaji, kuka, da daddawar da na yi da kaina. Kowane ƙulli leda uku na yi masa.

Gidansu yana hawa na tara, kusa da titin Liuhua. A can na tarar da Hajiya, yayar surukina. Takan zo saro dogayen riguna a kasuwar Baima da takalma a ta Zhanxi, ta sauka a gidan ƙanenta, ta yi wata biyu ko uku. Mace ce mai zobba a yatsu huɗu. Ba ta shiga kicin. Daga wurin wata mai abinci 'yar Ghana ake kawo mata nata.

Kwana shida da haihuwa cibiyar yaron ta faɗi. Ranar suna aka yi masa aski, na tattara gashin, na haɗa da cibiyar a cikin ɗan gwangwanin man shafawa. A gidanmu haka muka tarar ana yi: a binne su bayan ɗakin kakan yaro, don duk nisan da zai yi a duniya ya san inda gida yake. Na 'ya'yana duka suna can, da na jikokina. Na cusa gwangwanin cikin jakar kayan miya, da nufin in kai shi Kano.

Ana nan sai kasuwa ta yi sanyi. Saboda wasan nan shiga ƙasar ya yi wuya, masu saro ba sa zuwa, kayan Hajiya ma an ce sai bayan an tashi wasan. Wani Basine da surukina ke aiki da shi, wanda yake kira lawban, wato maigida, ya ce gidan iyayensa yana nan a tsibirin Hainan, ɗakuna babu kowa, mu je mu huta mako biyu.

Saura kwana ɗaya mu tafi, ina banɗaki ina yi wa 'yata wanka da ruwan da na tafasa a butar lantarki sau bakwai. Da na fito sai na ji dariya a falo. Hajiya ce da ƙawayenta biyu, 'yan kasuwa daga Kano. Tana ba su labarin yadda ta kwashe abin da ke wari kamar mushe ta sa a bola, wai ya fara kama rigunan da ta saro. Ta ce har da wani gwangwani, ta buɗe ta ga gashi da wani busasshen abu, irin ƙulle-ƙullen tsofaffi.

Ta dube ni ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, nan ba ƙauye ba ne. Ƙazanta ba ta zama a gidan ƙanena."

Na ja mayafina na sauka hawa tara da ƙafa, don ba na shiga na'urar hawa ni kaɗai. A ƙasan benen akwai manyan durom na shara. Wata tsohuwa mai shara ta ga ina zura hannu, ta zo ta karkata mini su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin ɓawon kankana da ƙayar kifi na samu ƙullin daddawa, ga na kuka, ga kanwa, ledojin ba su huje ba. Gwangwanin ma na same shi, amma a buɗe, babu komai ciki. Cibiyar kuwa abu ne da bai kai ƙwallon dabino ba, a cikin sharar gida mai hawa goma sha wani abu. Muka tona har rana ta karkata. Daga ƙarshe tsohuwar ta buɗe tafin hannunta ta ce meyo. Kalmar Sinanci ta farko da na koya ke nan, ma'anarta babu.

Na wanke ledojin a famfon waje, na naɗe su a zanena, na hau. 'Yata ta yi kuka, ta ce za ta gaya wa mijinta. Na hana ta. Ban yi doguwar tafiyar nan don in kai wa surukina ƙarar yayarsa ba. Na ce mata ta bar mini.

Jirgin ƙasa muka hau, har da Hajiya. Da muka isa bakin teku aka rarraba shi gunduwa-gunduwa aka tura cikin jirgin ruwa, muna zaune a ciki. Na yi ta salati har muka taka ƙasa.

Ƙauyen ban taɓa ganin irinsa ba. Gidaje, katanga, hanya, turken awaki, duk da baƙin dutse aka yi su, dutse mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ƙasar ba ta riƙe ruwa, saboda haka kowane gida ya jera manyan randuna a ƙarƙashin indararo. Ga kwakwa, ga gwanda, ga ayaba har bakin taga. Iyayen lawban, tsoho da tsohuwarsa, suka ba mu ɓangare guda da murhun itace da ƙatuwar tukunyar ƙarfe. A nan 'yata ta samu wankan jego na gaskiya, ruwa yana tafarfasa, ina tsoma ganye ina fyaɗa mata, tsohuwar gidan tana leƙe tana riƙe baki.

Abinci kuwa sai wanda muka dafa. Aladu na yawo a lungu, Hajiya ta ce ko ruwan shayinsu ba za ta sha ba. Surukina yakan sayo baƙin ɗan akuya ya yanka da kansa, wata rana kifi. Girki ya dawo hannuna.

Ranar farko na samo baƙin dutse mai faɗi, na wanke, na niƙa daddawa a kai. Na tuƙa tuwon shinkafa, na ɗora tukunya biyu. Ɗaya miyar kuka, da daddawa da yaji da ɗan kanwa. Ɗayar nama da ruwa da gishiri da kabewa. Ƙamshin ta farko ya cika tsakar gida. Surukina ya ce ashe Inna ba ta rasa ajiya. Hajiya ma ta ɗauka wani ƙulli ne dabam na ɓoye.

Na zuba ta biyun a kwano mafi kyau a gidan, na kai mata da hannu biyu.

"Hajiya, ga naki. Ban sa masa abin warin nan ba."

Ƙanenta ya dubi kwanonta ya dubi nasa, ya tambaye ta ko ba za ta ɗanɗana kukar ba. Ina tsaye. Ta ɗaga kai ta ce ita dama ba ta cin daddawa, haka take son miyarta. Da bakinta ta faɗa, kowa ya ji. Ni kuwa na riƙe mata wannan magana kamar amana.

Mako biyu ya zama wata. Labari daga Guangzhou kullum ɗaya ne, a ƙara haƙuri. Muka yi arba'in a can. Surukina ya kai mu bakin teku, ya kai mu kasuwar kifi, 'yata ta yi ƙiba ta yi haske. Kullum tukunya biyu. Ban taɓa kai wa Hajiya abinci a makare ba, ban taɓa rage mata nama ba. Sau ɗaya ta gwada hura murhun da kanta, hayaƙi ya koro ta tana hawaye, kwalli har haɓa.

Wata safiya muka hau dutsen da ke bayan ƙauyen. Matakala ce har sama, a saman kuma rami ne mai faɗi da zurfi, cike da itatuwa, da sanyi kamar bakin rijiya. Tsohon gidan ya yi bayani, surukina ya fassara: wai daga ramin nan wuta ta taɓa fitowa, dutse ya narke ya malala kamar kunu, ya daskare, shi ne suka gina gidajensu da shi. Tun kafin kakannin kakanninsa. Na tambaya ko wutar ta mutu. Ya ce su dai barci suke cewa. Na daɗe ina kallon ramin.

Hajiya ta hau da takalmi mai tsini daga cikin samfurin da ta saro. Kafin mu sauko dutsen ya cinye su, ɗaya ya rabu biyu. Ta sauko ba takalmi, tana taka kaifin nan tana cije leɓe. Akwai silifas ɗin alwala a jakata. Suna nan a jakar har muka isa gida.

Sai azumi ya kama mu a tsibirin. Ku da kuka san yunwar la'asar, ku kwatanta: mutum ya wuni yana shaƙar ƙamshin miyar garinsu, a sha ruwa a ajiye masa romon kabewa. Zobban Hajiya suka fara juyawa a yatsunta, har ta cire biyu. Ta rage magana. Takan zauna kusa da randuna, bayanta ga kicin. 'Yata ta same ni ta ce, don darajar watan nan in bari haka. Ba zan ɓoye muku ba, na tambayi kaina, na kuma nemi gafarar Ubangiji a sujada. Amma kowace safiya ni ke yi wa yaron wanka, kowace safiya sai yatsana ya bi ta kan cibiyarsa. Na ce wa 'yata ban hana kowa abinci ba. Wanda yake so ya tambaya.

Ranar Sallah surukina ya tafi birni Idi tun da sassafe. Daddawa ta rage mini guda uku, na niƙa su duka. Ina kaɗa miya sai inuwa ta rufe ƙofa. Hajiya ce, ta tsuguna, ta yi ƙasa da murya ta ce yau kada in wahalar da kaina da tukunya biyu. Na ce mata kunnen tsufa ga ƙarar wuta, ban ji ba, ta bari sai an zauna.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tsoho da tsohuwarsa ma suka zo, don mun gayyace su. Na kawo mata kwanonta kamar kullum, da hannu biyu. Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta tura shi gefe.

"Iya, ki zuba mini kukar."

"Da daddawa a ciki, Hajiya."

"Na sani. Ki zuba."

Na zuba. Ta ci malmala ɗaya, ta ci ta biyu, ta sa yatsa ta suɗe kwanon, gumi na zuba. Na jira har ta sha ruwa ta yi hamdala. Sannan na gaya mata, a hankali, yadda kowa zai ji, cewa wannan ita ce daddawar da ta zubar. Na faɗi durom ɗin da na same ta, da ɓawon kankana, da ƙayar kifi, da tsohuwar da ta taya ni tono. Hajiya ta kai hannu wuya. Surukina ya dubi kwanonsa, wanda ya yi wata biyu yana ci a ciki.

Na kwance bakin zanena na ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma, a buɗe. Na gaya masa abin da ke ciki a da, da inda na yi niyyar kai shi. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, yayarsa ya duba.

"Yaya, da gaske ne?"

Ta ce wallahi ba ta san cibiya ba ce. Na tuna mata ta buɗe, ta gani, ta kuma ba ƙawayenta dariya da shi, alhali ina bayan ƙofa ɗaya, ba ta tambaye ni ba. Tsofaffin gidan ba su ji kalma ɗaya ba, amma suka ajiye sandunan cin abincinsu. Hajiya ta fashe da kuka, ta matso ta kama gefen mayafina, ta ce yau ranar yafiya ce, in yafe mata.

Na ce, "Ta daddawa na yafe, tunda kin ci. Ta ƙawayenki ma na yafe. Cibiya kuwa ba tawa ba ce. Ga mai ita can a goye. In ya girma ki tambaye shi."

Bayan kwana tara muka bar tsibirin.

Tsohon gidan an ce ya rasu bayan 'yan shekaru, tsohuwarsa ta koma birni wurin ɗanta. Surukina yana nan yana loda kwantena, kuma tun daga ranar ba ya barin kowa ya taɓa jakata. 'Yata ta ƙara haihuwa biyu, duka a Kano, nasu suna bayan ɗakin kakansu. Hajiya ba ta sake sauka a gidan ƙanenta ba, masauki take kamawa. Duk Sallah takan aiko mini da atamfa, ina jera su a akwati ban ɗinka ko ɗaya ba. Ni kuma nakan aika mata da daddawa, ƙulli guda, leda uku. Ba ta taɓa dawo da ita ba.

Yaron ya girma, Sinanci ya fara fita bakinsa kafin Hausa. In an kawo shi Kano hutu, kwana uku yake yi ya fara tambayar ranar komawa. Uwarsa ta ce halin yaran zamani ne. Ni na san abin da na sani. Hajiya ba ta tambaye shi ba tukuna. Baƙin dutsen da na niƙa daddawa a kai na taho da shi, yana ƙofar ɗakina, gwangwanin yana ƙarƙashin katifata, ina jira.