Lomar Farko

Kawuna ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, zamanin da gyaɗa ke tashe. Ciwonsa ya fara ne da jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, suna ce masa an sa masa guba a tuwo. Ya daina ci, ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Dangi suka ce aljanu ne, a sa masa mari. Sai daga baya wani likita ya gaya mana ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yana da magani.

Matarsa, 'yar Gashuwa, ta ce ba mai ɗaure mata miji. A wurinmu abin kunya ne mace ta ci kwano ɗaya da mijinta. Ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna gabansa, ta yanki lomar farko daga akushinsa, ta haɗiye yana kallo. Ba ta taɓa ce masa ƙarya yake yi ba. Sai ya ga ba ta faɗi ba, sannan ya sa hannu. Matan unguwa suka yi ta gulma, wai ba ta da kunya. Su da ko koko ba su taɓa aiko masa ba!

Haka ta yi ta yi, har bayan ya fara shan magani. Ran nan ina zaune, ta miƙa hannu kamar kullum, sai ya riƙe ta.

"Bari," ya ce mata. "In da guba fa? Ni zan fara."