Malam Garba Mai Rediyo, da Kaset ɗin da Na Aika Masa

Ina tsaye gaban allo da alli a hannuna, masinjan makarantarmu ya leƙo ta taga ya yafuto ni. Ya ce direban motar da ta fara isowa daga Sakkwato ya sauka a tasha da labari: Malam Garba mai rediyo ya cika a asibiti bayan sallar asuba, ana nan tafe da shi. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abu na biyu da ya fito daga bakina tambaya ce, ko kaset ɗin da na aika masa shekaranjiya ya kai gare shi. Masinja ya ce bai sani ba, direban ma bai ce komai a kai ba.

A cikin kaset ɗin nan na janye wata magana da na yi a kansa a gaban jama'a, maganar da ta ɓata masa suna a garin Illela. In bai saurara ba, to ya bar duniya ke nan yana ganin ban cika masa alkawari ba.

Dukanmu mun tashi da gargaɗin cewa ruwa da wutar lantarki ba sa haɗuwa. Gaskiya ne, kuma har gobe ina koyar da shi. Inda ake ruɗewa shi ne a ɗauka duk na'urar da aka ga ruwa na yawo a jikinta ajali ce take jiran mai taɓawa. Ni ma haka na ɗauka, ni da ake kira malamin kimiyya, kuma a kan wannan ruɗanin na zalunci marigayi.

Malam Garba ya girme ni da kusan shekara ashirin. Bai yi boko ba, allo ya yi, sannan ya koyi gyaran rediyo a Ƙonni, can tsallaken iyaka, wajen wani dattijo. Shagonsa na bakin hanyar da ke zuwa iyaka, ɗan ɗaki mai duhu, cike da rediyoyi har rufi. Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: ba ya buɗe rediyon mutum sai mai shi yana zaune yana kallo. Ranar kasuwa za ka ga Fulani daga wajejen Tozai da Lafani sun jingine sandunansu a ƙofa, sun zauna a benci suna jiran a zo kansu. In ya gama, sai ya naɗe abin da ya ƙone a takarda ya miƙa wa mai rediyon, ya ce ya tafi da gawarsa. Yakan ce, "Rediyo ba ya mutuwa duka. Abu guda na ya mutu cikinai, nemo shi."

Shekarar da aka sake buɗe iyaka ya sayo na'urar wasa daga hannun wani mai kanti a Ƙonni. Akwati ce doguwa, tsayin mutum, da gilashi irin na talabijin, da sanda guda da maɓallai biyu. Ana jefa mata kwabon sefa, kuɗin tsallaken iyaka, sai wasu 'yan jirage su fito suna saukowa, mai wasa yana harbinsu. Mai kantin ya rabu da ita ne don ta gagare shi. Da zarar bazara ta shigo, ba ta rabin awa tana aiki sai hoton ya daskare. Malam Garba ya buɗe bayanta, ya bi da yatsa har ya kai ga wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa, wanda bai kai kwalin ashana ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma shi ne ke ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa. Ya sa mata fanka, fanka ta riƙa hura mata iskar bazara mai zafi, ba ta yi maganin komai ba.

Sai ya tuna da injin niƙa da duron ruwansa, da lagireton mota. Ya yanko bututun tagulla daga matacciyar firji, ya daddage shi ya kwantar a kan ƙwaƙwalwar. Ya haɗa shi da siririyar roba mai haske irin ta ƙarin ruwa a asibiti, ya zagayo da ita ta gaban akwatin, ya kai ta cikin randa da ya binne a jiƙaƙƙen yashi. Ɗan famfon wanke gilashin mota ne ke tura ruwan. Ya zuba wa ruwan bula ya yi shuɗi, ya jera ƙananan fitilu ja da kore irin waɗanda direbobi ke ƙawata motocinsu da su a bayan robar. In ka shigo shagon daga hasken rana, abin da za ka fara gani ke nan, shuɗin ruwa yana gudu a cikin haske. Yara suka sa mata suna Mai Jijiya. Ta daina daskarewa.

Ni ban ga ko ɗaya daga cikin wannan ba a lokacin. Abin da na ji daga bakin ɗalibaina shi ne akwai wata na'ura mai aiki da lantarki, ruwa na bin jikinta, kuma suna dafa ta da hannu. Ban taka ƙafata na je ba. A taron iyayen yara na miƙe, na yi bayani da kalmomin littafi, na ce ranar da ruwan nan ya taɓa waya gawar yaro za a ɗauko. Na faɗa da zuciya ɗaya, ina ganin rai nake ceto. Iyaye suka yarda da ni, don ni ne mai takarda.

Maganar ba ta tsaya a kan na'ura ba. Cikin mako biyu ta zama cewa Garba mai rediyo ya kafa wa 'ya'yan mutane tarko. Wasu suka kwashe rediyoyinsu suka kai Ƙonni. Wani ya ƙi ba shi hannu a ƙofar masallaci. Na ji duk wannan, na ce a raina laifinsa ne. Shi kuwa bai zo makaranta ba, bai aiko kowa ba, bai kai ƙara wajen hakimi ba. In mun haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni, ya tambayi makaranta, ya tambayi mutanen gida a Sakkwato. Ya lulluɓe Mai Jijiya da tsohon zane, ya ci gaba da gyaran abin da aka kawo masa.

Rediyona mai kaset ce ta kai ni shagonsa. Ta fara cinye kaset, na ba masinja ya kai masa don kada mu haɗu. Masinja ya dawo da ita a hannu, ya ce Malam Garba yana gaisuwa, ya ce kuma ya san malamin kimiyya ya san dokar shagon. Na yi kwana uku ina jan ƙafa, sannan na je. Ya shimfiɗa mini buhu a kan benci, ya gyara rediyon a gabana, ya naɗe mini tsinkakkiyar roba a takarda. Har na miƙe zan tafi, sai ya ce a hankali:

"Malam, in tambaye ka. Ranar da kay yi magana, mi kag gani da idonka?"

Na ce ban gani ba, ji na yi.

"To zamna ka gani. In ta kashe ka, ni ka biyan diyya."

Ya yaye zanen, ya kwance bayan akwatin, ya sa na bi robar da yatsana tun daga randa har ta dawo randa. Babu inda ruwan yake fita, babu inda yake kusa da waya tsirara. Duk mahaɗar da ke akwai a ƙasa take, can nesa da kayan wuta, yadda ko ta yi yoyo a yashi za ta zuba. Ya nuna mini wayar da ya ɗaure a jikin akwatin ya kafe ta da ƙarfe a cikin ƙasa, abin da nake zana wa yara a allo ban taɓa yi da hannuna ba. Na tambaye shi fitilun fa. Ya ce rabinsu ado ne, ba zai ɓoye ba, yana son abu mai kyau. Amma da bula da fitila ne yake gane ruwa na tafiya daga inda yake zaune, in ya tsaya ya kashe ta nan take. Ya ce zafi shi ke kashe na'ura, ba aiki ba. A nan kuma na ji cewa ba ya kunna ta a lokacin makaranta, yana kashe ta da an kira salla, ko da mai wasa ya kusa cinyewa.

Na roƙe shi gafara a wurin. Ya yi murmushi ya ce:

"Tsakanina da kai na yahe tun tuni. Amma ba ni ɗai na ba, ina da ɗiya cikin garin ga, da sunana aka kiran su. Wurin da kaf faɗe ta, can za ka kwance ta."

Na yi masa alkawari. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: ban cika a kan lokaci ba. Taron iyaye na gaba ya zo, na shiga da niyya, na ga idanun mutanen da suka amince da ni, sai na yi maganar kayan makaranta na zauna. Na ce wa kaina sai zango mai zuwa. Na daina hana yara zuwa, na riƙa faɗa wa mutum ɗaya ɗaya a gefe cewa na'urar ba ta da illa, ina yaudarar kaina cewa hakan ya isa. Bai taɓa tuna mini ba. Sau ɗaya kawai, da na wuce ta ƙofar shagon, ya ɗaga murya ya tambaye ni ko rediyon na nan lafiya.

Da damina ta tsaya ƙafafunsa suka fara kumbura. Ƙanensa Umaru, wanda tela ne, ya kai shi asibiti a Sakkwato ya zauna jinyarsa. Labarin da ke zuwa ba mai daɗi ba ne. Ranar taron iyaye na wannan zangon na shiga da rediyona, na aza ta a kan tebur, na danna maɓallin ɗauka. Na ce na yi magana a kan abin da ban gani ba, na ce na yi kuskure, na ce Malam Garba ya fi ni sanin abin da nake koyarwa, kuma duk wanda ya ƙaurace masa saboda ni ya koma. Sai wani dattijo mai sayar da goro ya gyara zama ya ce, "To Malam, wanga karo ka gani, ko ji kay yi?" Aka fashe da dariya, har da ni, duk da gumin da nake yi. Washegari na ba direba kaset ɗin, na roƙe shi ya kai asibiti hannu da hannu. Kwana biyu bayan haka masinja ya leƙo ta taga.

An yi jana'iza bayan la'asar. Jama'ar da ta taru ta fi yadda na zata, har da waɗanda suka kwashe rediyoyinsu. Hakan bai kwantar mini da hankali ba. Umaru na tsakiyar masu gaisuwa, ba lokacin tambayata ba ne. Kwana biyu ina zuwa zaman makoki, in yi addu'a, in zauna a gefen tabarma, in tashi da tambayata a ciki. A rana ta uku, da mutane suka ragu bayan azahar, shi da kansa ya kira ni cikin zaure.

Ya ce direban ya kai kaset ɗin da yamma. Ba su da rediyo, sai da suka ara wajen wani majinyaci a gadon kusa, batirinta ya kusa mutuwa, muryata tana fita a jajjaye kamar ta mai barci. Marigayi ya saurara ido a rufe. Abin da ya fara cewa shi ne kan da ke karanta kaset a rediyon nan yana son gogewa, a gaya wa mai ita. Sannan ya sa aka mayar da kaset baya zuwa wurin tambayar mai goro, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa aka sake mayarwa. Da kaset ɗin ya ƙare, sai ga hawaye na bin gefen fuskarsa. Umaru ya maimaita mini kalmominsa:

"Ka ce ma Malam ya biya. Shi bar damuwa. Kuma shi kai ɗiyan makaranta su gane Mai Jijiya da kyau, kada su tsaya ga hitilu."

Na yi ta cewa alhamdulillahi a gidan makoki, har na ji kunyar kada wani ya ji ya yi mini wata fahimta. Umaru ya ce babu komai, shi ma da ya ga dariyar nan ya san yayansa zai tafi da zuciya wasai.

Umaru ya kai keken ɗinkinsa shagon, ya yaye zanen, ya cika randa. Na kai ɗalibaina aji aji, kamar yadda aka umarce ni. Duk wanda har yanzu maganata ta farko ce a kunnensa, ina roƙonsa kada ya yarda da ta biyun ma don ni na faɗa. Ya je da ƙafarsa, ya ce wa Umaru ya kunna, ya kama robar da ke shiga da hannun dama, mai fitowa da hannun hagu. Zai ji ɗaya da sanyi, ɗaya da ɗumi, hannunsa kuma a bushe. In ya ji haka, ya gaishe da marayun nan da sunan ubansu.

Ya Allah, bawanka Garba ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sanyaya makwancinsa, Ka haskaka kabarinsa. Haƙurin da ya yi da ni da mutanen garin nan, Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da ƙanensa Umaru juriyar rashi, Ka raya abin da ya bari a kan shiriya. Mu kuma da muka saura, Ka tsare harsunanmu daga abin da idonmu bai gani ba, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.