Ƙafa Ɗaya Gajera, Ɗaya Doguwa

Ranar Laraba ce da hantsi, a ƙarshen watan Oktoban 2014, a falon gidanmu da ke Sabon Layi. Mu uku ne: ni, da yayana, da wani kafinta maƙwabcinmu. Ko zan manta da komai a duniya, ban da wannan hantsin.

Yayana ya makance bayan ya yi ritaya, kunne ya zama idonsa. Da na bar aikin rediyo na dawo Mubi, na zo masa da sifiku biyu masu kyau na sauraron rediyo, kowacce a kan doguwar ƙafar katako. Ya saurara na ɗan lokaci, sai ya ce, "Kai, mutanen nan naka da rufin ɗaki suke magana, ba da ni ba."

Da gaskiyarsa. Ƙa'idar aikin ita ce ƙaramin bakin sifika na sama, mai fitar da siririn sauti, ya yi daidai da kunnen mai sauraro. Maƙeran ƙafafun sun yi awonsu ne da mutumin da ke kan kujera. Yaya kuwa bai taɓa shiri da kujera ba. A kan darduma yake zama, ya jingina da bango. Saboda haka kaifin murya ta saman hularsa yake wucewa, gunji kawai ke isa gare shi.

Shi ya sa na kira kafintan. Na ja zare daga ƙasa zuwa kunnen Yaya, na ƙulla, na miƙa masa.

"Malam, ni ƙofa da taga na saba aunawa," in ji shi yana dariya. "Yau kuma kunnen Baba?"

Yaya ya ce, "Kai dai yanka katako, ka bar mini kunnena. Shi kaɗai ya rage."

Ya yanke ƙafar hagu, har zarto ya ɗan goga gefen sifikar da ke ajiye kusa. Na ɗora sifikar, na ɗan karkato da ita wajen dardumar, na kunna. Yaya ya kwantar da kai gefe guda, sannan fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Wannan ya sauko ya zauna kusa da ni. Saura ɗan'uwansa, har yanzu yana kan bishiya."

Zarto ya kai tsakiyar ƙafar dama ke nan muka ji harbi. Kafin mu tantance daga ina yake, layi ya cika da gudu da kiran sunayen yara. Masu tayar da ƙayar baya sun shigo gari.

"A ƙarasa mana, saura kaɗan," in ji Yaya. Ba wasa yake yi ba.

Na ɗaga shi tsaye. Kafintan ya ce shi ba inda za shi, in ba shi makulli ya riƙa duba mana gida. Na ba shi, har da godiya.

Da ƙafa muka bi ta wajen Kwaja, Yaya na dafe da kafaɗata, muka hau duwatsu muka tsallaka Kamaru. Maganinsa na ciwon suga yana can a falo, kusa da zarto. A wani ƙauye jikinsa ya gaza. Cikin maganganunsa na ƙarshe ya ce mini, "In mun koma, da ta daman za ka fara." A can muka binne shi.

Da gari ya lafa na dawo ni kaɗai. Ba a fasa ƙofa ba, da makulli aka buɗe ta. Babu sifikun, sai ƙafafunsu a tsaye.

"Yaran nan da suka shigo gari ne suka kwashe, Malam, wallahi," in ji maƙwabcina.

Ban musa ba. Amma wanda ya yi shekaru yana sauraro don neman abinci murya ba ta ɓace masa. Wata rana da la'asar na jiyo sauti ta katanga, na san shi. Na yi sallama na shiga gidan kafintan. Ga sifikun can a saman kabad, dab da rufi, ta hagun da tabon da zarto ya goga mata a gefe.

"A kasuwa na saya," ya ce, tun ban tambaya ba.

Na dube su, na dube shi. Na ce, "Sun yi sama da yawa. Ka sauko da su daidai kunne." Na fita.

Abin da na koya shi ne, ba duk ɓarnar yaƙi ce baƙo ke yi ba. Wata tana zuwa ne daga hannun da ka danƙa wa makulli, kuma ita ce ba ta warkewa.

Ƙafafun suna nan a falo, ɗaya gajera, ɗaya doguwa da rabin yanka a jikinta. Kafintan yana nan shi ma. Kullum da safe yana gaishe ni, ina amsawa.